Kebbe da Tambuwal: Abin da Tagar Mota Ba Ta Nunawa

Da yawa daga cikin masu cewa sun san Tambuwal, bakin titinta kawai suka sani. Motar da ta taso daga Sakkwato za ta Jega ko Yawuri ko Kwantagora ta ɗan tsaya, a sha mai, a yi salla, a sayi tsire a takarda, kwandasta ya bubbuga jikin mota, a wuce. Kebbe kuwa ko wannan ɗan rabon ba ta samu, don ba ta kan babbar hanya, sai wanda ya yi niyyarta yake ratsewa. Ga kaɗan daga abin da baƙo zai tarar a wannan yanki idan ya yarda ya sauke jakarsa ya kwana.

Fili na Kebbe, jama'a na Tambuwal

A cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato, Kebbe ce ta fi nutsawa kudu, ta kutsa tsakanin jihar Kebbi da ta Zamfara. Faɗinta murabba'in kilomita 2,618 ne, na Tambuwal kuma 1,717, amma a ƙidayar 2006 mutanen Kebbe ba su cika dubu 125 ba, alhali na Tambuwal sun kusa dubu 225. Kujera ɗaya su biyun suke rabawa a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ita ce Aminu Waziri Tambuwal ya riƙe daga 2003 zuwa 2015, a kanta ya zama Kakakin Majalisa a 2011, kafin ya yi gwamna shekara takwas.

Iyakokin ma na jiya-jiya ne. Sai a 1991 aka yanke Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato, Zamfara kuma a 1996. Dattijon da ya saba cin kasuwar Jega da ta Gummi tun yana saurayi bai taɓa jin ya bar gida ba, kuma har gobe aure da ciniki ba su san da layin taswira ba. A tasha dai ka buɗe baki da kyau ka ce Kebbe ta wajen Tambuwal, kada ɗan kamasho ya cusa ka motar Birnin Kebbi.

Sarakunan da ba sa zaune inda sunansu yake

Sarkin Gwandu ba ya zaune a Gwandu, fadarsa tana Birnin Kebbi. Sarkin Kabi kuma ba ya Birnin Kebbi, yana Argungu. Mafarin abin shi ne mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo sun ci Birnin Kebbi a 1805, gidan sarautar Kabawa ya je ya kafu a Argungu, daga baya Turawa suka mai da hedikwatar masarautar Gwandu Birnin Kebbi. Magana ba ta ƙare nan ba. A Yabo akwai Sarkin Kabin Yabo, daga zuriyar Muhammadu Moyijo wanda ya taimaki Shehu Usmanu tun farkon jihadi. A Jega ma Sarkin Kabi ake ce wa mai garin. In wani ya ce maka Sarkin Kabi ya yi kaza, fara tambayarsa na ina.

Buhari biyu

Garuruwa biyu ne a kan hanya ɗaya, kowanne tarihinsa yana komawa ga wani Buhari. Na Tambuwal shi ne Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, malami kuma mawallafin waƙoƙin Larabci, wanda aka damƙa wa tsaron wannan ɓangare, zuriyarsa ke riƙe da sarautar garin. Na Jega kuwa ɗan Malam Abdussalami ne, Ba'aren almajirin Shehu da ya zauna da jama'arsa a Gimbana. Harin da Gobirawa suka kai wa Gimbana shi ne ya rura wutar da ta kai Shehu ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Abin ya juye daga baya: Abdussalami ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, aka yi yaƙi, ya rasu a 1818. Ɗansa Buhari ne ya kafa Jega da ragowar Gimbanawa. Wanda ya zauna da dattawan garuruwan biyu zai ji labari ɗaya ta baki biyu, kuma ba lallai su dace ba. Kada ka yi musu alƙalanci, saurare ya kai ka.

Hanyar da kanta

Tsakanin Sakkwato da Tambuwal tafiyar kusan kilomita 100 ce. A cikinta za ka ratsa Boɗinga, inda Malam Abdullahi ya zauna, da Sifawa, inda Shehu ya yi kimanin shekara biyar yana karantarwa da rubutu kafin ya koma Sakkwato a 1815, da Shagari, mahaifar shugaban ƙasa Shehu Shagari kuma makwancinsa tun Disambar 2018. Fasinja yakan wuce su ukun yana gyangyaɗi.

Baturen da Sarki ya ƙi gani

A 1853 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa Abdulkarim, ya biyo ta wannan ƙasa daga Sakkwato ya sauka Gwandu, arewa da Tambuwal. Sarkin Gwandu Halilu, mutum mai gudun duniya, ya ƙi yarda su haɗu. Ga Baturen da ya saba shiga fadoji, wannan ba ƙaramin cikas ba ne. Amma a cikin kwanakin zaman jiran ne wani malamin garin ya ara masa wani littafi rubutun hannu, ya duƙufa yana kwafe abin da ya samu dama. Littafin nan shi ne Tarihus Sudan, tarihin daular Songhai da Tumbuktu, wanda ta hannun Barth Turai ta fara sanin abin da ke cikinsa. Har kuskure ya yi, ya ɗauka Ahmad Baba ne ya rubuta, alhali na Abdurrahman Assa'adi ne. A ganina babu darasin yawon buɗe ido da ya kai wannan: mutum ya ƙwallafa rai kan fada, ashe abin da zai sa a riƙa tuna zuwansa yana cikin gafakar wani malami a zaure.

Mai masauki

A da, fatake ba sa shiga gari su kama ɗaki su rufe ƙofa. Wurin fatoma suke sauka, shi ne mai ba su makwanci, shi ne mai haɗa su da masu saye, shi ne kuma mai tsaya musu in magana ta taso. Tsarin bai mutu ba, kuma a nan ya fi otal amfani. Nemi wanda ya san wani: abokin karatu, malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, direban da ke bin hanyar. Shi zai kai ka gaida mai unguwa ko hakimi. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka ce "Ranka shi daɗe", ka faɗi sunanka da garinku da abin da ya kawo ka, ka ajiye ɗan goro ko turare. Daga nan an san da zamanka, sau da yawa ma a haɗa ka da yaron da zai zaga da kai. Da ɗan gari kan ci gari.

A 'yan shekarun nan abin ya wuce ladabi, ya zama tsaron kai. 'Yan bindiga sun addabi wasu ƙauyukan Kebbe da bakin iyakar Zamfara, mutane sun ga abin da ya ishe su. Baƙuwar fuskar da ke yawo tana tambayar hanyoyi tana ɗaukar hoto za a iya yi mata kallon infoma, kuma ba za ka ga laifin kowa ba. Labarin hanya na yau wurin direbobin tasha yake da sassafe, na jiya bai da amfani. In sun ce kada a bi, kada ka bi. Kuma magariba ta same ka a masauki.

Ranar da kasuwa ke ci

Tambayar farko da ya kamata baƙo ya yi ita ce: yaushe kasuwa ke ci? Garin da ka gani jiya shiru, awaki na kwance a rumfuna, yau ba masaka tsinke. Kowane gari da ranarsa a mako, 'yan kasuwa kuma suna bin su bi da bi, har za ka ga mai gishirin da ka saya wurinsa shekaranjiya ya baza kaya a wani gari.

Ka wuce layin atamfa da robobi, waɗannan akwai su ko'ina. Nufi kara, wurin dabbobi. Can za ka ga tumakin uda, gabansu baƙi ko ja, bayansu fari fat, kamar an tsoma rabinsu a marina an fasa ƙarasawa. Ga bokolo, sa mai gajeren ƙaho da tozo da fatar wuya tana reto, wanda littattafan kiwo na duniya suka sani da sunan Sakkwato. Ga rahaji ja mai dogayen ƙahoni a gefensa. Sai jar akuya, wadda ba ta da wani kwarjini amma ta fi su duka yawon duniya. Fatarta majema ke jemewa da bagaruwa, a rina da karan dafi, ayari ya ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai. Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna yi wa manyan littattafansu bango da ita suna kiranta fatar Maroko. A Nijar kuma ita ce dai ake ce wa jar akuyar Maraɗi. Akuya ɗaya, ƙasashe uku na taƙama da ita.

Ka tsaya kusa da dillali ka ga aiki. Mai saye ya taya, mai dabba ya kau da kai ya ce albarka, dillali ya ja wannan gefe ya yi masa raɗa, ya koma ya riƙe hannun wancan, har a kai ga "na sallama". La'adarsa ta fito, kowa ya tafi yana ganin shi ya ci riba.

In ka ce gyaɗa

Bakano ko Bazazzagi zai shiga layin kayan miya da Hausarsa cikakkiya ya fito yana susar ƙeya. Ya ce, "Inna, nawa kike ba da gyaɗa?" Ta dube shi ta ce, "Gujiya kaka nuhi, ɗana?" In ya nemi gurjiyar da ya sani, sai ya ce ƙwaruru. Kuɓewa guro ce, barkono tonka, dankali kudaku, yakuwa sure, kwaɗo ɗatu, hatsi kuma in an faɗa gero ake nufi. Awo da tiya ake yi. Kada ka kwaikwayi "munka" da "sunka" don ba'a, ana ganewa. Amma in ka tambaya da gaske, tsohuwar nan za ta koya maka, ta ƙara maka gyara.

Abincin da ba a kasawa a faranti

Hoce, wanda ake yi da garin dawa a gasa, yana kwanaki bai lalace ba, shi ya sa ya zama guzurin matafiya a ƙasashen Zamfara da Sakkwato da Kabi. Da miyar sure ake cinsa, mai tsami mai tada kwaɗayi. Akwai ɗatun zogale da na rama da ƙuli, akwai tuwon shinkafar fadama da miyar kifi, akwai hura da nonon da ba a tsarge da ruwa ba. Mafi daɗinsu ba ya zuwa kasuwa. Daga cikin gida yake fitowa a kwano da faifai a rufe, yaro ya dire a zaure ya ce an ce a kawo wa baƙo. Ka ci da kyau, kuma kada ka kuskura ka tambayi nawa ne. In za ka tafi ka ba yaran gida wani abu.

A nan baƙuwa mace ta fi namiji sa'a nesa ba kusa ba. Shi iyakarsa zaure. Ita kuwa za ta shige har madafa, ta ga daka da tankaɗe, ta ji hirar da ba ta fitowa waje. In ta dace ma ta haɗu da tsohuwar da ta haddace waƙoƙin wa'azi na 'yan taru, tsarin karantar da matan karkara da Nana Asma'u, 'yar'uwar Buharin Tambuwal, ta kafa. Jagorarsu jaji ake ce mata, alamarta malfa, kuma fiye da shekara 150 bayan rasuwar Nana a 1864 ba a rasa masu riƙe da abin a ƙasar Sakkwato ba.

Kifin da ake haƙowa da fartanya

Gulbin Zamfara ya biyo ta Gummi, ya ratsa ƙasar Kebbe, ya wuce Jega kafin ya haɗu da gulbin Sakkwato. Fadamarsa ce ke ciyar da yankin da rani: shinkafa, albasa, tattasai, tumatir, injin ban-ruwa na ta ƙugi tun asuba. A irin waɗannan fadamu ake samun gaiwa. Kifi ce mai huhu, iska take shaƙa, har in aka danne ta cikin ruwa aka hana ta leƙowa sai ta mutu. Idan tafki ya fara ƙafewa sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi ya bushe, ta bar 'yar kafar numfashi, ta yi watanni a haka har ruwa ya dawo. Masu neman ta busasshiyar ƙasa suke sara. Akwai kuma minjirya, wadda in ka taɓa ta za ta ja ka kamar wayar lantarki. Yaran bakin gulbi sun san yadda ake miƙa wa baƙo ita da fara'a.

Kowa ya san bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, kuma an sha fito da giwan ruwa mai nauyin fiye da kilo 70 daga gulbin Matan Fada. Ya cancanci gani. Sai dai gasar kanta kusan awa ɗaya ce, kuma an taɓa yin shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da ita a 2020. Sarkawa masunta kuwa kullum suna ruwa. Wanda ya sammaka bakin gulbi da izinin Sarkin Ruwa zai ga homa da gora da taru da mamari suna aikin neman abinci, babu lasifika, babu rumfar manyan baƙi. Ranar kasuwa dai in ka ga an cika kwale-kwale da mutane da buhuna da babura, bari ya je ya dawo.

Aliero

Tana gaba kaɗan da Tambuwal a hanyar Jega, cikin jihar Kebbi, ta yi suna kan abu biyu da ba su haɗa komai ba: albasa da ɗori. Albasar tirela-tirela ake lodinta zuwa kudancin Najeriya da ƙasashen maƙwabta. Lokacin cirarta ta yi arha har manomi ya yi kuka, da damina ta yi tsadar da uwargida za ta yi nata. Ganyenta ma ba a zubarwa, ana daka lawashi a dunƙula a shanya ya zama gabu. Ɗorin kuwa gadon wasu gidaje ne, daga nesa ake kawo musu masu karaya. Tun 2006 an ƙara wa garin na uku, jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar.

In an zage ka, bincika

Baƙo na iya sauka wani dattijo da bai taɓa gani ba ya tare shi da "Kai, bawana, yaushe ka zo ba ka kawo gaisuwa ba?" Kafin ka hau, tuna ko kai wane ne. Bafillace da Babarbare taubasai ne, haka Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, maƙeri da Buzu, mahauci da masunci. Wanda ya tsokane ka haka ya karɓe ka ke nan, abin da yake jira ka rama. Wanda ya ɗaure fuska ya rufe wa kansa ƙofar da aka buɗe masa kyauta.

Masu neman jiya

Akwai baƙon da in ya ga mai POS a gindin bedi, ko faifan sola a kan rufin soro, ko makiyayi na kallon bidiyo a waya, sai ya ce gari ya lalace, ba gargajiya. Shi so yake a ajiye masa mutane yadda kakansa ya ba shi labari. Mutanen Kebbe ba kayan gidan tarihi ba ne. Rumfar mai cajin waya da teburin mai shayi da majalisar 'yan kabu-kabu, nan ake tafka muhawarar farashin taki da siyasar kansila da ƙwallon Turai, kuma nan za ka ji abin da ke damun gari a bana. Hoto kuwa sai da izini, na mata ma ka bar shi kawai.

Lokacin zuwa

Daga kaka zuwa ƙarshen sanyi, wato Nuwamba zuwa Fabrairu. Rumbuna sun cika, ana aure, ana kokawa da dambe, fadama ta yi kore. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, mai masaukinka da kansa zai tausaya maka.

Makaɗin ɓarayi

Hausa ta yi makaɗan sarakuna, na manoma, na 'yan dambe, na maƙera, na mahauta. Wannan yanki ya fitar da na ɓarayi. Muhammadu Gambu, mutumin Fagada ta ƙasar Maiyama kusa da Jega, ya yi shekaru yana wasa gwanayen sata da kalangu, yana kiran sunayensu da garuruwansu, yana zuga su kamar yadda ake zuga jarumai a fagen fama. Malamai suka yi tir, 'yan kasuwa suka riƙe aljihu in ya sauka gari, masu nazarin adabi a jami'o'i kuma suka yi ta rubuce-rubuce kan azancinsa. Har yau ana gardama: wasu na cewa ya ƙarfafa ɓarna, wasu na cewa tona asiri ya yi, tunda duk wanda ya ambata an san shi ke nan. Kafin rasuwarsa ya tuba ya ajiye kiɗan. Waƙoƙin dai ba su tuba ba, suna nan cikin wayoyin direbobi da 'yan kabu-kabu, in ka tambaya a tasha za a tura maka.